Zagin Babur Ɗina Ya Koya Musu Rubutu

Jiya ina zaune a ofishin malamai ina duba insha'in 'yan aji biyar, na ji ɗayanku yana murna wai darasin Hausa aka ba shi. Ya ce ai yaran da Hausarsu suka zo daga gida, nasa kawai ya tsaya a gaba ya yi musu hira. Ban tanka ba, don lokacin akwai ƙosai a bakina. Yau bakina babu komai, ku kuma da kwalejin horar da malamai ta turo ku sanin makamar aiki ba ku da darasi sai bayan tara. Ku jawo benci.

Sunana Garba. Shekara talatin da 'yan kai ina koyar da Hausa a makarantun sakandare, na fara a Tsafe, na dawo nan Bungudu, kullum kuma daga Gusau nake tasowa. Gaskiya ne yaro da Hausarsa yake zuwa, amma a baki take. Aikinmu shi ne mu sauko da ita zuwa yatsu, mu kuma sa shi ya buɗe littafi ba tare da an tsaya a kansa da bulala ba. Ku ba ɗan shekara sha biyar farar takarda ku gani. Wanda ya cika unguwa da surutu zai zauna yana tauna murfin biro har a tashi.

Ranar da na fara shiga aji a Tsafe na zo da shirin darasi shafi uku. Na rubuta "Muhimmancin Karatu" a allo, na ja masa layi biyu, na yi minti arba'in ina zuba bayani ina kallon allo. Da na juyo, biyu suna barci, ɗaya yana ɗinke takalminsa, na baya kuma sun kama fara sun ɗaura mata zare suna gwada ta wa za ta fi tashi. Malam Bawa, tsohon malamin da aka haɗa ni da shi in koyi aiki, yana tsaye a taga yana sakace. Da na fito ya ce, "Garba, mi kac ce musu?"

Na ce, "Na gaya musu karatu yana da daɗi."

Ya ce, "Ka taɓa ganin mai tsire ya tara mutane yana yi musu lacca kan daɗin nama? Wuta shika hurawa, ƙamshi shi ƙarasa aikin. Gobe ni zan shiga ajin ga, ka zo ka gani."

Washegari ya shiga aji da wani littafin labari da ya naɗe da takardar buhun siminti, yadda ba wanda zai ga sunansa. Bai rubuta komai a allo ba. Ya zauna a bakin tebur ya fara karantawa, yana canza murya: in tsohuwa ce ya matse hanci, in ɓarawo ne ya yi ƙasa da murya har sai na baya sun miƙo wuya. Daidai inda ɓarawon ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katanga, kare kuma ya farka, sai Malam Bawa ya kama tari. Ya rufe littafin, ya ajiye a tebur, ya ce, "Zan sha ruwa. Kada wanda ya taɓa littafin ga, ba na yara ba ne." Muka fita muka laɓe a bayan taga. Kafin in gyara tsayuwa ajin ya kife a kan teburin. Suka danna littafin a hannun wanda ya fi su iya karatu, mai ɗinkin takalmin jiya yana gadin ƙofa yana cewa a ɗaga murya shi ma ya ji.

Malam Bawa ya ce, "Ruwan ga da nika sha, rabin awa shika ɗauka."

Daga wurinsa na samu kayan aikina. Akwai akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, cike da littattafan labari, da kwaɗon da ba ya kullewa. Da gangan ake rataya shi, don yaro ya ji kamar sata ya yi. Akwai takardar siminti. Akwai jan biro, wanda ya fi komai haɗari. Ya ce in na mayar da shafin yaro kamar mahauta, ba zai sake rubuta mini komai ba sai sunansa. Kuskure uku zan taɓa a shafi, sauran in runtse ido sai wani makon. Sai kuma murya, wadda ba a sayar da ita a kanti. In ba ka iya kukan jaki a gaban yara arba'in ba tare da ka ji kunya ba, ka nemi a mayar da kai darasin lissafi.

Karon farko da na gwada dabarar ni kaɗai, na dawo daga shan ruwa na tarar ba littafi ba dalilinsa. Bayan mako guda ya dawo yana warin daddawa, shafuka biyar na ƙarshe babu su. Kakar yaron da ya ɗauka ce ta ƙulla wa masu saye daddawa da su. Aji ya rikice, kowa yana son ya ji yadda aka ƙare. Na san ƙarshen sarai, amma na ce na manta, kowa ya rubuto yadda yake ganin ya kamata. A yawancin takardun ɓarawon ya mutu. A ɗaya kura ta cinye shi, 'yan sanda suka kama kurar. Wani kuma ya aurar masa da 'yar alƙalin da ya ɗaure shi, ya buɗe masa shagon taya a Gusau. Wannan ne rubutu na farko da yara suka yi mini ba don maki ba. Ban taɓa yaga littafi da gangan ba, Allah ya sani, amma tun daga ranar na sha ɗinke shafukan ƙarshe da allura da zare.

Masu hulɗa da mu kashi uku ne, kuma ba sa son abu ɗaya. Shugaban makaranta sakamakon jarrabawa yake so. Iyaye suna son yaro ya yi ilimi, amma kada ilimin ya shiga gona. An taɓa samun wani dattijo ya zo har ofis riƙe da littafina da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ya ce, "Malam, mi ka ba yaron ga? Na sa shi tsaron wake, na iske shi bisa icce shina dariya shi kaɗai, awaki na ƙasa suna walima." Na ba shi haƙuri. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya tambaye ni ko matar nan ta cikin labarin ta samu saniyarta, don yaron ya karanta masa rabi. Kashi na uku su ne yaran, su kuma abin da suke so shi ne kada a gane suna son komai.

Duk wannan ya yi mini aiki har zuwa lokacin da waya ta shiga aljihun kowa. A nan Bungudu aka ba ni wani aji huɗu da ya gagare ni. Na yi tari, na fita shan ruwa, na dawo na tarar da littafin yadda na bar shi. Akwatin ya yi makonni a lungu har gizo-gizo ya yi saƙa a kan kwaɗon. Na ce su rubuta wasiƙa, suka ce, "Malam, wa ka rubuta wasiƙa yanzu? Murya muka turawa." Jagoransu wani ƙato ne daga Nahuce, Lawali, gashin baki ya fara fito masa, a bencin ƙarshe yake zama ya miƙe ƙafafu har tsakiyar aji.

Wata Laraba ina rubutu a allo na ji dariya tana tafiya daga benci zuwa benci. Na juyo na cafke takardar a hannun na gaba. Rubutun Lawali ne, kuma a kan babur ɗina ya yi shi. Babur ɗin nan kun gan shi a gindin darbejiya, ba sai na kare shi ba. Ga abin da ya rubuta:

Babur na Malam Garba dan wahala,
Shina tari awa tsohuwar tunkiya,
Ka tura shi tun Gusau har Bungudu,
Sannan shi tashi shi ce maka sannu da tafiya.

Aji duka na jiran bulala. Ni kuwa abin da na gani shi ne yaron da ya ce ba ya rubutu ya yi layi huɗu ba wanda ya sa shi. Na kwafe shi a allo da manyan haruffa, na ciro jan biro, na rubuta huɗu bisa goma a takardar.

Lawali ya miƙe. "Malam, huɗu?"

Na ce, "Zagin ya yi, rubutun ne bai yi ba. Layin ƙarshe ya fi sauran tsawo, yana jan ƙafa. Ka rubuta dan, ba ɗan ba, ka bar harafin ba ƙugiya. Kuma ka bar hayaƙin, wanda shi ne babban aibinsa. Duk wanda ya fi wannan zuwa Laraba mai zuwa, zan karanta nasa da bakina. Sharaɗi ɗaya: babur za a zaga, ba mutum ba."

Laraba ta zo, takardu suka cika tebur. Wani ya ce sauro na gudu in na wuce. Wani ya ce an taɓa ganin kunkuru ya yi mini sallama ya wuce ni a hanyar Furfuri. Amma wadda ta kwashe ajin wata yarinya ce daga Rawayya, Luba, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna. Wasiƙa ta rubuta daga babur zuwa gare ni, cikin ladabi, da adireshi da gaisuwa, yana roƙon a sallame shi ya tafi fansho, yana cewa sa'o'insa duk an narkar da su an yi tukwane. Na karanta da muryar tsoho mai haki. Dariyar ta jawo shugaban makaranta, ya shigo a fusace, ya saurara, ya ce layin da ya ce babur ɗin yana tashi a turi na uku ƙarya ne, shi da kansa ya taɓa tura shi sau bakwai. Na ba Luba tara.

Lawali bai yi barci a aji ba ranar. Da aka tashi na gan shi ta taga yana share saƙar gizo-gizo daga kan kwaɗon. Yana son ya ga yadda masu littafi suke yi, don kada mace ta sake kayar da shi. Kafin ƙarshen zango akwatin ya zama fanko, littattafan suna yawo tsakanin ƙauyuka a cikin buhun taki. Na bar su suka riƙa rubutawa da Hausarmu ta nan, da munka da sunka, sai a shafi na biyu mu mayar da ita irin ta jarrabawa. Abu ɗaya Lawali ya ƙi: ƙugiya. Ya ce, "Malam, wa ke da lokacin lanƙwasa kan harafi? A waya ba mu sawa, kuma ana ganewa."

Sai shekarar nan ta zo, wadda aka rufe makarantu saboda matsalar tsaro, aka kuma yanke layukan waya. Kun san ta, ba sai na faɗa muku abin da mutane suka gani ba. Mai son ya kira ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya bar jihar. Ni ina Gusau, ɗalibaina suna ƙauyuka, ba hanyar jin labarinsu. Na san yadda abin yake: ɗan shekara sha shida in ya yi watanni bai riƙe biro ba, gona ko ramin haƙar zinari ko tasha za su riƙe shi, kuma ba sa mayarwa. Na cire rai da ajin nan.

Wata safiya na je tasha, na tarar da direban motar Bungudu a tsaye kan benci da jakar leda cike da takardu, yana kiran sunaye kamar mai rabon gado. Mutane sun koma aika wasiƙa. Sai na ji ya ce, "Malam Garba mai babur!" Wasiƙa ce daga Luba. Ta ce ita da 'yan ajinsu su ne ke rubuta wa mutanen garuruwansu wasiƙu, takarda ta ƙare musu, kuma yaya ake fara wasiƙa zuwa ga suruki? Na koma gida na yage fararen shafukan tsofaffin littattafan rubutu na ba direba. Daga nan bencin mai shayin tasha ya zama ofishina. Wanda aka kawo wa wasiƙa bai iya karatu ba sai a nuno masa ni. A nan na riƙa ganin rubutun ɗalibaina ta ɗaya gefen. Na karanta wa wani ɗan dako wasiƙar da tsohuwarsa ta sa Luba ta rubuto masa, inda ta jera masa sunayen mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta ce yana nan da rai. Mutumin ya zauna a ƙasa ya ce in sake karantawa daga farko. Ban taɓa wannan takardar da jan biro ba.

Ana cikin haka wata rana sai ga wani saurayi ya zo a guje, gumi ya jiƙa masa riga. Sanusi ne, wan Lawali, mai sayar da takalma a kasuwar Gusau. Ya iya karatu, ya riga ya karanta, shaida yake nema. Ya miƙo mini takardar. Lawali ya rubuta: "Yaya Sanusi, Inna ta yi baki. Ta ce ka zo gida yau yau, ka taho da shinkafa."

Sanusi ya ce, "Malam, na shiga uku. Wata huɗu ban je gida ba, ga shi ta yi min baki."

Na ce, "Dakata. Na san mai rubutun nan, ba ya sa ƙugiya. Ina jin baƙi ta yi. Wace uwa ce za ta yi wa ɗanta baki kuma ta ce ya zo da shinkafa?"

Ya ce, "Malam, ba ka san Inna ba."

Ya rufe shago, ya sayi shinkafa, ya ƙara da turmin atamfa da sabulu, ya kuma rantse ba zai tafi ba sai da dattijon da zai roƙa masa gafara. Dattijon da ke kusa ni ne. Muka shiga mota zuwa Nahuce, yana ta istigfari har kwandasta ya tambaya ko gawa za mu ɗauko.

Ni a zaure na tsaya, amma katangar ba ta hana jin komai. Sanusi ya shiga ya zube a tsakar gida ya fashe da kuka irin na manya, mai haɗe da majina. Na ji Inna ta ce, "Kai, lahiya? Wa yam mutu?"

"Inna, ki yahe min! Ki janye!"

"In janye mi?"

"Bakin da kinka yi min!"

Inna ta ce, "Ni? Baƙi niy yi, ga su nan zaune suna kallon ka. Shinkafa ta ƙare muna." Baƙin kuwa ƙanwarta ce daga Tsafe da 'ya'yanta mata, cikinsu har da wadda Sanusi ya daɗe yana aika wa takalma kyauta. Abin da na ji bayan haka shi ne gudu. Lawali ya zagaya rumbu sau uku, wansa na biye da shi da sabon takalmi a hannu, daga ƙarshe ya faɗo zaure ya ɓuya a bayana.

Inna ta yafa mayafi ta leƙo, muka gaisa, ta ce a nuna mata abin da ya jawo wannan abin kunya. Na share ƙasa da tafin hannu na zana k, na zana ƙ a gefensa. Ta duƙa ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wagga 'yar lanƙwasa ita tas sa ɗana kuka gaban baƙi?" Na ce ita ce. Na zana mata ɓ da ɗ ma. Ta juya wajen Lawali ta ce daga yau duk wasiƙar da zai rubuta sai ta duba kafin ta fita gidan. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya neman ƙaho, sunan da ta sa wa ƙugiyar ke nan. In ta duba ta ga ƙahonin sun yi kaɗan sai ta mayar masa. Wasiƙar da ta biyo baya Sanusi ya kawo mini ita tasha yana share hawayen dariya. An rubuta: "Ɗa fatan ƙana lafiya. Inna ta ce ƙa ƙawo ɓarƙono." Sai da muka yi wata guda muna aika takardu ta hannun direba kafin na cire masa waɗanda suka yi yawa.

Da aka buɗe makarantu ba duka suka dawo ba, benci biyu sun zauna babu kowa har 'yan ajin suka gama. Amma masu rubuta wasiƙun nan sun dawo, da yatsu masu kanta. Luba tana karatun aikin jinya yanzu. Lawali ya gama, yana noma, yana kuma rubuta waƙoƙin da ake rerawa a bukukuwa, kowane harafi da ƙahonsa daidai. Sanusi ya auri yarinyar da yake aika wa takalma. Ta ce ba ta taɓa ganin namiji mai tsoron uwarsa haka ba, irinsa take so.

Inna kuwa har yau haruffa uku ta sani a duniya. Bara wani ya kafa injin niƙa a Nahuce, ya sa aka rubuta masa ANA NIKA a bango da jan fenti. Ta zo da kwaryar dawa a ka, ta tambayi jikarta abin da aka rubuta, yarinyar ta ce ana niƙa. Inna ta bi haruffan da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi sauke kwaryar. Mata suka taru a bayanta, layi ya tsaya. Mai injin ya fito ya ce, "Haba Inna, ke da ba ki yi boko ba, mi ya dame ki?"

Ta ce, "Ni na ga abin da rashin ƙaho yay yi wa ɗana. Ɗauko fenti ka sa mai ƙaho, sannan in ba ka dawata."